Albashin Ranar Juma'a da Auren Talakan Ingila

A shekarar 1943 wata kotu a Ingila ta yanke hukunci a kan kuɗin cefane. Wata matar aure, Misis Blackwell, ta yi shekara da shekaru tana matse hannu, tana ajiye rarar abin da mijinta ke ba ta a asusun kantin haɗin gwiwa na Oxford, har ya haura fam 100, kuɗi mai kauri a wancan zamani. Da zama ya ƙi daɗi suka rabu, sai mijin ya ce kuɗinsa ne. Alƙali ya ba shi gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar: tunda daga aljihunsa kuɗin cefanen ya fito, rarar ma tasa ce. Sai a 1964 majalisar dokoki ta yi dokar da ta ce irin wannan rara a raba ta biyu tsakanin mata da miji.

Wannan shi ne zamanin da ake yi mana kwatance da shi duk lokacin da hira ta biyo ta kan auren Turawa. A majalisar ƙofar gida, a wajen walima, a shafukan Facebook, maganar ɗaya ce: wai da can aurensu yana da ƙarko, sai aka ba mata 'yanci, aka sauƙaƙa rabuwa, gida ya watse. Su kansu Turawan masu ra'ayin 'yan mazan jiya haka suke faɗa. Ni kuwa ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya riƙe auren talakan Ingila tsawon shekaru shi ne albashin da ke zuwa kowace Juma'a ba fashi, da gidan haya mai rahusa wanda ba a tashin mutum daga cikinsa. Da waɗannan suka tafi ne auren talaka ya yi rauni, kuma ba mata ne suka kore su ba.

Mu ɗauki gari ɗaya, Burnley, a lardin Lancashire. Samarinmu ta ƙwallo suka san sunan, amma asalinsa garin saƙa ne da haƙar kwal. A ce ga saurayi ɗan shekara 23 yana aiki a ramin kwal, ga budurwa 'yar 21 tana kula da injinan saƙa, an ɗaura musu aure a coci wata Asabar a 1955. Ba wasu sanannun mutane nake nufi ba, irinsu dubbai ne a garin. Shekara ɗaya ke nan da daina rabon abinci da kati, wanda aka soma tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba su da muhallin kansu, don haka a ɗakin sama na gidan uwar amarya za su tare. A wurinmu wannan abin gori ne ga ango, a can kuwa ƙarancin gidaje ya mai da shi ruwan dare. Gidan irin na jere ne, bango ɗaya da na maƙwabci, ɗaki biyu ƙasa biyu sama, masai a tsakar gida ta baya ko da ƙanƙara na zuba, wanka kuma a bahon kwano gaban murhu.

Amarya ba za ta bar aiki ba. A nan Lancashire ta bambanta da sauran sassan ƙasar, inda aka fi sa ran mace ta zauna gida da zarar ta yi aure ko ta haihu. Matan masaƙa sukan koma bakin inji bayan haihuwa, su bar jariri wurin kaka ko wata dattijuwar layi da ake biya. Ƙarar injinan ta kai ba a jin magana, har matan suka ƙware da karanta leɓe, sai ka ga biyu suna gulma daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da sauti ya fita ba. Da yawansu sun tsufa da kurumta, wasu da ƙurar auduga a huhu. Gwargwadon yadin da ta saƙa ake biyan ta. Idan ta tashi, wani aikin na jiran ta a gida: girki, wanki da hannu, da goge dokin ƙofa da wani farin dutse, don matan layi na lura da ƙofar da ba a goge ba. Shi kuwa maigida ya yi wanka, ya ci, ya nufi kulob ɗin ma'aikata. A ga namiji yana tura keken jariri a titi abin dariya ne.

Yammacin Juma'a ne ake sanin wane irin miji mace ta samu. Albashi tsabarsa ake biya, cikin 'yar ambulan mai ruwan ƙasa. A gidaje da yawa na arewacin Ingila, al'ada ita ce miji ya ajiye ambulan a kan tebur ba tare da ya buɗe ta ba. Uwargida ta farke, ta ƙirga, ta kasa cikin gwangwanaye da kofuna a saman murhu: wannan na haya, wannan na mai inshora da ke ƙwanƙwasa ƙofa kowane mako, wannan na mai madara, waɗannan sulallan na zurawa a mitar gas, wannan na hutun Blackpool, garin shaƙatawa na bakin teku, lokacin da duk masaƙun gari ke rufewa mako guda a watan Yuli kowa ya tafi bakin teku. Sannan ta miƙo masa na taba da giya. Mutumin kirki a layin shi ne wanda ambulan ɗinsa ke isa gida a rufe. A wasu gidajen kuwa ta mashaya take biyowa, abin da ya yi saura shi ne na cefane, kuma mace kan shekara talatin da miji ba ta san nawa yake ɗauka ba.

Abin lura a nan shi ne duk wannan kasafi ba ya yiwuwa sai da tabbacin cewa Juma'a mai zuwa ma akwai wata ambulan. Kuma akwai. Yaro ya bar makaranta yana ɗan 15, Litinin ta zagayo ya fara aiki, kafin ya kai 22 yana ɗaukar albashin magidanci. Me zai jira? Gwamnati ma ta sa kafaɗa. Tun 1946 ake biyan sule 5 a mako kan kowane yaro bayan na fari, kuma a hannun uwa. A 1948 asibiti ya zama kyauta. A 1953 kaɗai an gina gidaje sama da 300,000 a Birtaniya, mafi yawansu na ƙananan hukumomi, waɗanda ake ba talaka haya, in dai yana biya ba mai tashinsa har ya mutu. Ma'auratan Burnley ɗin nan kan samu irinsa bayan 'yan shekaru a layin jira: banɗaki a cikin gida, ruwan zafi a famfo, ɗan lambu a baya. Ba mamaki mutane suka riƙa aure da wuri kuma da yawa. A 1972 an ɗaura aure kimanin 426,000 a Ingila da Wales, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Sai dai ƙarkon nan da ake yabo, wani ɓangarensa ƙofa ce a kulle. A Ingila miji ba ya saki da baki ko da takarda, alƙali ne kaɗai ke raba aure. Kafin 1971 mai son rabuwa sai ya tsaya gaban kotu ya tabbatar da laifi a kan ɗan'uwansa, kamar zina, ko azabtarwa, ko gudun shekara uku, ga tonon asiri a bainar jama'a. Matar da ake duka ranar Asabar da dare, idan ta gudu gidansu, abin da takan ji daga bakin uwarta bai wuce ta koma ɗakinta ba, ai ita ta zaɓe shi. 'Yan sanda kuma su ce rigimar cikin gida ce. Sai a 1971 aka buɗe gidan fake na farko na matan da ake duka, a unguwar Chiswick ta Landan, kuma nan da nan ya cika ya batse. Sai a 1991 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa ana iya kama miji da laifin yi wa matarsa fyaɗe. Yarinyar da ta yi ciki ba aure kuwa, gidan ɓoyo ake kai ta ta haihu a karɓe ɗan. Wani kwamitin majalisa ya ƙiyasta jarirai kimanin 185,000 aka raba da iyayensu mata ta wannan hanya tsakanin 1949 da 1976. Duk wanda zai yi kewar wancan zamani, ya haɗa da wannan lissafin a ciki.

Dokar 1969, wadda ta fara aiki a Janairun 1971, ta ce ya isa a nuna aure ya mutu murus: shekara biyu a rabe idan duka biyun sun yarda, biyar idan ɗaya ya ƙi. A 1971 aure kimanin 74,000 aka raba, a 1972 kimanin 119,000, kuma a shekarun da suka biyo baya mata ne suka fi shigar da ƙara. Masu cewa doka ce ta kashe aure nan suke kafa hujja, kuma ba zan ce ba su da abin riƙewa ba, tunda wannan ya faru kafin guguwar rashin aikin yi ta shekarun 1980. Amma auren da aka raba a 1972 ba a 1972 ya mutu ba. Da yawa mutane ne da suka yi shekaru ba sa kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, wasu har sun hayayyafa da wasu, takarda kawai suke jira. Kuma me suka yi da takardar? Da yawansu sake aure suka yi. Mutumin da ya fita daga wani aure ya faɗa wani bai yanke ƙauna da aure ba. Ciwon da ya zo daga baya daban ne, shi ne talaka ya daina yin auren tun farko.

Ma'auratanmu na Burnley duk waɗannan dokoki sun wuce ta kansu ba su girgiza su ba. Ƙwayar tazarar haihuwa ta shigo asibitocin gwamnati a 1961, da farko ga matan aure kaɗai. Matan da ke ɗinka rigunan kujerun mota a kamfanin Ford na Dagenham sun yi yajin aiki a 1968, aka samu dokar daidaita albashi a 1970. Daga 1975 ɗan kasuwa ko banki ba shi da ikon ce wa mace sai mijinta ya sa hannu kafin a ba ta injin wanki bashi. Ita dai masaƙiyarmu tun da can da kuɗinta, abin da ya ƙaru shi ne yanzu doka ta san da haka.

Abin da ya girgiza su ya zo a 1982. A shekarar aka rufe Hapton Valley, ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a yankin Burnley. A shekarar kuma aka rufe masaƙar Queen Street, wadda ta yi saura tana saƙa da injin tururi, yau gidan tarihi ce. A watan Janairun shekarar marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan 3, Margaret Thatcher na firaminista. Ita saƙa dama ta daɗe tana jinya: tun 1958 ƙasar ta fara shigo da yadin auduga fiye da wanda take fitarwa, a 1959 gwamnati ta biya masu masaƙu su farfasa injina. (Da ɗan hannunmu a labarin. Masaƙar Kaduna da gwamnatin Sardauna ta kafa, wadda ta fara aiki a 1957, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Rawtenstall aka gina ta, garin da ke maƙwabtaka da Burnley. Ita ma ta rufe a 2002, kuma mutanen Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da rufe masaƙa ke yi wa gidan magidanci.)

To ga mutum ɗan shekara 50, tun yana yaro ƙarƙashin ƙasa ya sani, yanzu yana zaune gaban talabijin da hantsi. Wasu an mayar da su wani ramin mai nisa, wasu sun karɓi kuɗin sallama, da yawa daga baya aka rubuta su cikin masu karɓar alawus na rashin lafiya, abin da ya rage wa gwamnati adadin marasa aiki a takarda. Ayyukan da suka rage na mata ne: sharar makaranta, zaman kan na'urar kuɗi a babban kanti, kula da tsofaffi, rabin yini, ƙaramin albashi. Sai ya zama ita ke fita shi ke gida. A nan ne aure da yawa suka rabu, a nan ne kuma wasu suka zama aure na gaskiya. Mutumin da a 1958 ba zai taɓa keken jariri ba, yanzu shi ke feraye dankali, shi ke ɗauko jika daga makaranta, yana gunaguni amma yana yi. Wanda girman kai ya hana shi, kwalba ta ɗauke shi. Ba na jin akwai wata dokar 'yancin mata da ta cuci gidan nan. Albashinta ne ya hana a yanke musu wuta.

An ga haka ƙarara a yajin aikin masu haƙar kwal na Maris 1984 zuwa Maris 1985, shekara guda cur ba albashi. Matan ƙauyukan Yorkshire da Durham da kudancin Wales su suka buɗe wuraren dafa abinci na gayya, suka bi gari gari neman taimako, wasu da ba su taɓa magana gaban mutum goma ba suka hau dandamali gaban dubbai. Da aka sha kaye aka koma aiki, wasu mazan sun so komai ya koma yadda yake, matan suka ce ina. Wasu auren sun ƙare a nan. Amma ba don matan ba, yunwa ce za ta karya yajin tun kafin hunturu.

Gida ma ya bi sahu, ta hanyar da ta yi kama da alheri. Dokar 1980 ta ba mai hayar gidan ƙaramar hukuma damar sayensa da rangwamen kashi 33 zuwa 50 cikin ɗari. Ma'aurata irin namu sun saya, wasu da kuɗin sallama, kuma ba na ganin laifinsu, karon farko ke nan da wani a zuriyarsu ya mallaki bango huɗu. Amma gidajen da aka sayar a Ingila sun kusa miliyan 2, ba a kuma gina madadinsu ba. Yau iyalai sama da miliyan ɗaya ke layin jira. Tsofaffin sun ci riba, jikokinsu ne suka biya.

Idan Allah ya ja kwana, a 2015 ma'auratan sun cika shekara 60 tare, katin taya murna ya zo daga fadar Sarauniya, jaridar gari ta ɗauki hoto, aka tambaye su sirrin zama, suka ce haƙuri da ba-ni-in-ba-ka. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ɗan jarida ba ya tambayar wanda ya fi yin haƙurin. Ko gwamnati ta daɗe tana ɗaukar wahalar mace kyauta ce: alawus na masu jinyar nakasassu da aka fara a 1976 an hana matan aure shi har 1986, bisa tunanin ai dama aikinsu ne. A ƙarshen rayuwa kuwa sau da yawa lissafin kan juye. Za ka ga tsoho mai tarin ƙurar kwal yana ba matarsa abinci a baki, yana taje mata kai, cutar mantuwa ta sa wani lokaci ba ta gane shi. Irin wannan ba doka ce ta sa shi ba, ba kuma tsoron maƙwabta ba. Shi ya sa ban yarda cewa buɗe ƙofar rabuwa ya rage wa aure daraja ba. Waɗannan sun zauna shekara arba'in da wani abu bayan an buɗe ta.

Jikarsu fa? Tana zaune da uban 'ya'yanta ba aure. Shi yana aiki a wani katafaren sito na kamfanin sayayya ta intanet, ko yana rabon kaya a mota, da kwantiragin da bai yi masa alkawarin ko awa ɗaya ba, saƙon waya ne ke gaya masa ko akwai aiki gobe. Gidan na ɗan kasuwa ne, kuma dokar 1988 ta ba mai gida damar tashin ɗan haya da notis na wata biyu ba tare da ya faɗi dalili ba, aka shafe sama da shekara 30 a haka. Ka tambaye su, za su ce suna da niyya, sai abubuwa sun daidaita. A 2021, karon farko a tarihi, jariran da aka haifa ba cikin aure ba a Ingila da Wales suka haura rabi. A shekarun 1950 kimanin biyar ne cikin ɗari.

Ba na murna da wannan adadi, kuma ba na cewa aljihu ne kaɗai. Coci ta yi fayau, kunya ta ragu, kuma a matsayina na mai addini ina ganin al'ummar da ta rasa waɗannan ta yi asara babba. Amma coci ta yi fayau ga mai kuɗi da talaka baki ɗaya. Da 'yancin mata ne ke kashe aure, da likita da lauya da malamar jami'a, waɗanda suka fi kowa cin moriyar 'yancin, su ne za su fi kowa gudun sa. Akasin haka ake gani. A Ingila ta yau masu digiri da albashi mai tsoka su suka fi yin aure kafin haihuwa, sai dai su jinkirta har su haura 30. Garuruwan da masaƙa da ramin kwal da masana'antar ƙarfe suka mutu su ne haihuwa ba aure ta fi yawa a cikinsu. Rabuwar aure ma, bayan ta kai ƙololuwa da kimanin 165,000 a 1993, tun farkon ƙarnin nan take raguwa. Mace mai hankali a Burnley tana duban saurayin da bai san nawa zai samu mako mai zuwa ba, tana lissafin da kakarta ta yi a 1955, amsar ce kawai ta fito daban.

'Yan siyasar Landan sun iya jawabi a kan darajar iyali, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Abin da suka iya miƙa wa talaka a aikace shi ne rangwamen harajin ma'aurata da aka fara a 2015, wanda iyakarsa yanzu fam 252 ne a shekara, bai cika fam 5 a mako ba. Ko a Burnley, ɗaya daga cikin garuruwan da gida ya fi araha a duk Ingila, wannan ba ya biyan hayar wata guda.